Agogon Da Zai Iya Da Lungunan Birni

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, keke ya dawo da darajarsa a garin nan. Da can in aka ga ɗan poli a kan keke, cewa ake yi ko dai ɗan ƙauye ne ko kuma maƙo ya yi masa yawa. Yanzu kuwa wanda ya yi maka dariya jiya, shi ne yau zai tare ka a bakin get yana tambayar nawa ka sayi naka. Ni ɗan cikin birni ne, gidanmu na can tsakiyar lungunan da mota ba ta shiga, kuma kullum ta Ƙofar Kuyambana nake fitowa in kama hanyar makaranta. Lissafin kuɗin acaba na zuwa da dawowa, kwana biyar a mako, shi ya ɗora ni a kan tsohon Phoenix ɗin Baba.

Sai dai a 'yan watannin nan tambayar ta tashi daga kan keken ta koma kan abin da ke ɗaure a hannuna. “Injiniya, wannan agogon naka mai GPS ne? Wanne ya kamata in saya?” Na amsa a kantin abinci, na amsa a bakin masallaci, na amsa a layin karɓar katin jarrabawa. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta. Abin da nake so in faɗa gajere ne: waɗanda suka ƙera agogunan nan ba su taɓa shiga lungun Limancin Kona ba, ba su san a kwana uku babu wuta ba, ba sa alwala sau biyar a rana. Saboda haka kai ne za ka yi wa agogon jarrabawar Zariya kafin ka ba da kuɗinka.

Bari in fara da dalilin da ya sa na nemi agogon, don kada a ɗauka gayu ne. Bara likita ya tabbatar wa Baba da hawan jini. Ya rubuta masa magani, ya ce a rage gishiri, sannan ya ce ya riƙa tafiya da ɗan sauri na minti 30, kwana biyar a mako. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara ga babban mutum: minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a kowane mako. Da muka dawo gida Baba ya ce, “Ni da nake zuwa masallaci a ƙasa sau biyar, wace tafiya kuma ake nema a wurina?” Masallacin nan fa bangonsa da zaurenmu kusan a haɗe suke. Ba a yi wa uba musu, amma na san in ba a sami wani abu da zai riƙa nuna masa lissafi ƙiri-ƙiri ba, maganar likita a asibiti za ta tsaya. Wayarsa ƙarama ce mai tocila, ba ta ɗaukar manhaja. Ni kuma a nawa ɓangaren, ina son sanin nisan da nake yi da saurina, amma duk wanda ya san hanya ya san fito da babbar waya a kan keke gayyatar masu ƙwace ne. Agogo ɗaya zai yi mana aikin biyu: Baba ya ɗaura bayan asuba ya yi tafiyarsa, ni in karɓa in tafi lakca.

To, kuɗi fa? Nan ne ake yin ta. Garmin Forerunner 55, wanda yana cikin masu sauƙin kuɗi a agogunan wannan kamfani, da ya fito a 2021 dala 200 ne. Coros Pace 3 da ya fito a 2023 dala 229. Tun farkon 2024 dala ta taɓa haura naira 1,500. Ka buga lissafin da kanka: dala 200 ta zama naira 300,000 kafin a sa kuɗin kawowa da ribar ɗan kasuwa. Kuɗin kashewa da NELFUND ke ba ɗalibi naira 20,000 ne a wata, ke nan sai ka tara na wata 15 ba ka sayi ko garin kwaki ba. Ni da kuɗin gyaran waya da nake yi Asabar da Lahadi, da ɗan abin da na ajiye lokacin siwes, na shiga kasuwa. Wanda ya tara kuɗi da gumi irin haka, ba ya saye da ido. Ya zama dole in san me nake biya.

Abu na farko, kuma wanda ya fi cin kuɗin ɗalibai: ba duk agogon da aka rubuta GPS a kwalinsa ne yake da GPS a cikinsa ba. Kashi biyu ne. Akwai wanda na'urar kama tauraron ɗan'adam tana cikin agogon, ka bar waya a gida ka fita, ya auna maka hanya. Akwai kuma wanda aro yake yi daga wayarka ta Bluetooth, in babu waya a aljihu, sai ya koma ƙidayar lilon hannu yana yi maka ƙiyasi. Yawancin 'yan siraran agogunan nan masu araha da suka cika shagunan PZ da kasuwar Sabon Gari na kashi na biyu ne. Ba laifi ba ne a sayar da su, laifin shi ne a ce maka na farko ne. Wani abokina ɗan Tudun Wada ya saya da murnarsa, mai shago ya rantse masa cewa “Oga, wannan har Kaduna zai bi ka.” Ranar da ya bar wayarsa a caji ya hau keke zuwa Samaru ya dawo, agogon ya ce masa bai je ko'ina ba. Dalili kuwa, a kan keke hannu ba ya lilo, yana dafe da kan keke, saboda haka babu abin da zai ƙirga. Gwajin mai sauƙi ne: kashe Bluetooth na wayar, fita waje inda ake ganin sama, zaɓi tafiya ko keke a agogon. In ya ce a haɗa shi da waya, ajiye musu kayansu. In ya ce a jira yana neman tauraro, sannan ya nuna ya samu, to kun fara magana.

A nan ya kamata in gyara wani zato da na ji a bakin mutane da yawa, har da 'yan ajinmu na lantarki da bai kamata ba. GPS ba ya cin data, ba ya buƙatar sabis, ba ya buƙatar layi. Saurare kawai agogon yake yi. Taurarin nan na ma'aikatar tsaron Amurka ne, suna kewaya duniya a nisan kusan kilomita 20,200, an tsara su ne a kan aƙalla guda 24, kuma tsarin ya kammala aiki a 1995. Kowane tauraro yana ta aiko da saƙo ɗaya: ga ni a wuri kaza, ƙarfe kaza. Agogon yana auna tsawon lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya iso, ya mayar da shi nisa. In ya ji daga taurari huɗu, ya san inda kake. Saƙon yana gudu da saurin haske, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, saboda haka kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa kuskuren mita 300 ne a ƙasa. Har zuwa watan Mayun 2000, Amurka da gangan take gurɓata saƙon da farar hula ke samu, sai a lokacin Shugaba Bill Clinton ya ba da umarnin a daina. Yau kuma ba Amurka kaɗai ke da taurari ba: Rasha na da GLONASS, Tarayyar Turai na da Galileo, Sin na da BeiDou.

Me ya haɗa wannan dogon bayani da ɗan cikin birni? Lungu. A kan titin Kaduna, ko daga Ƙofar Doka zuwa Tudun Wada, sama a buɗe take, kusan kowane agogo mai GPS na gaske zai yi aiki lafiya. Amma shiga kwararon Kwarbai ko Unguwar Juma, inda in mai kura ya taho sai ka manna da bango. Katanga dama, katanga hagu, indararo a sama, abin da ya rage na sararin samaniya bai fi faɗin tabarma ba. Taurarin da ke gefe duk sun ɓuya. Wasu saƙonnin kuma ba kai tsaye suke isowa ba, sai sun bugi kwanon rufi ko bangon bulo sun dawo, sun yi latti kaɗan, agogon ya ɗauka ka fi nisa da tauraron. Sai ka buɗe taswira ka ga wai ka ratsa ta tsakar gidan mutane ka fita ta bayan soro. Maganin wannan uku ne. Na ɗaya, nemi agogon da ke sauraron tsari fiye da ɗaya, ya haɗa na Amurka da na Turai ko na Rasha, domin yawan taurari na ƙara damar a sami huɗu a wannan ɗan siririn sarari. Na biyu, in aljihu ya kai, akwai masu sauraron zango biyu, L1 da L5, irin Pace 3 ɗin da na ambata, waɗanda suka fi iya tace saƙon da ya yi karo da bango. Na uku kyauta ne: a wasu agogunan akwai zaɓi tsakanin ajiye matsayi jefi-jefi don tattalin wuri, da ajiyewa kowace daƙiƙa. Ɗan birni ya zaɓi kowace daƙiƙa. Lungunanmu ba sa miƙewa taku ashirin ba su karya ba, kuma agogon da ke ɗaukar matsayi jefi-jefi yanke kwana yake yi, ya rage maka nisa. Sannan ka saba da tsayawa a fili, kamar ƙofar fada ko bakin titi, agogon ya kama taurari tukuna kafin ka kutsa ciki.

Abu na biyu batir, kuma ni a wurina ya fi kowane kwalliya. Apple da kansu awa 18 suka daɗe suna faɗa a kan agogonsu na yau da kullum, wato caji kowace rana. Wannan ya dace da wanda wuta ba ta ɗaukewa a gidansu. Mu da taransifoma kan yi mako tana hutu, agogon da ke neman caji kullum ƙarin ɗawainiya ne a kan waya da fitila da fawabank. A lura, lamba biyu ake rubutawa a kwali: kwanakin da zai yi yana nuna lokaci kawai, da awannin da zai yi GPS na kunne. Ta biyun ce taka. Forerunner 55 awa 20 ne da GPS, kusan mako biyu ba tare da shi ba. Pace 3 awa 38. Ka lissafa naka: in kana yin awa ɗaya da rabi a kan keke kullum, ga rabin awar Baba, awa 10 ke nan a kwana biyar. Duk agogon da bai kai nan ba zai mutu maka a tsakiyar mako. Sai kuma igiyar caji. Kusan kowane kamfani da irin tasa, ba irin ta waya ba ce da za ka ara a ɗakin maƙwabci ko ka samu wurin mai cajin waya na bakin kasuwa. Kafin in biya sai da na tabbatar ana samun igiyar a garin nan, na kuma sayi ta biyu na ajiye a akwati.

Abu na uku shi ne wanda ba za ka taɓa gani a tallar Turawa ba: alwala. Sau biyar a rana agogon nan zai gamu da ruwa, kuma sau biyar za ka kwance shi ko ka sassauta don ruwa ya game hannu. Nemi wanda aka rubuta 5 ATM a bayansa, shi ne ke jure wanka da ruwan sama na watan Agusta. Duba madaurin da kyau, domin abin da ake kwancewa sau biyar kullum ya fi sau 1,800 a shekara, kuma ramin madaurin roba mai araha shi ke fara yagewa. Gara wanda ake iya cire madaurin a sa wani. A zafin Maris da Afrilu madaurin roba na tara gumi ya sa ƙaiƙayi, na zare ya fi shan iska, ko da yake yakan jima bai bushe ba bayan alwala. Haka nan ka tabbata ana iya kashe ƙararsa a bar girgiza kawai. Babu abin kunya irin agogo ya fashe da kuka a sahun farko yana taya ka murnar cika taku.

Daga nan sai maɓalli da fuska. Fuskar da ake shafawa tana da kyau a shago. Amma da jiƙaƙƙen yatsa, ko da gumi, ko cikin ƙurar hunturu da ta sa ka sa safar hannu da sassafe, shafawa ba ta ci. A kan keke kuwa, tsakanin ramuka da 'yan acaba da awaki, ba ka da daƙiƙa uku na kallon hannu. Maɓallin da za ka danna ba tare da ka duba ba shi ne lafiyarka. Ga Baba ma haka: na nuna masa maɓalli ɗaya, na ce, “Baba, in za a fita a danna wannan, in an dawo a sake dannawa.” Shi ke nan karatun. Ita ma fuskar iri biyu ce. Akwai mai haske irin na waya, kyakkyawa da dare, mai shan batir, wadda ke wahalar gani da tsakar rana in ba an ƙure haskenta ba. Akwai kuma mai dishi-dishi a ɗaki, wadda hasken rana ke ƙara mata fitowa. Rana ba ta yi mana rowa a Zariya, saboda haka ta biyun na ɗauka.

Yanzu ga inda nake roƙon a saurare ni da kyau, musamman masu niyyar saya wa iyaye. Koren hasken da ke bayan agogo bugun zuciya yake aunawa, ta hanyar lura da yadda jini ke kai da komo a ƙarƙashin fata. A tafiyar ƙasa yana ƙoƙari, in an ɗaure shi daidai, sama kaɗan da ƙashin wuyan hannu. A kan keke yakan rikice, saboda hannu a lanƙwashe yake kuma hanya na girgiza shi. Masu tseren keke na gaske ɗamarar ƙirji suke sawa. Wannan duk da sauƙi. Abin tsoro shi ne agogunan da ake cewa suna auna hawan jini da sukari. A watan Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fito ta gargaɗi jama'a cewa kada su dogara da wani agogo ko zobe da ke iƙirarin auna sukarin jini ba tare da huda fata ba, domin ba ta amince da ko ɗaya ba. Na taɓa ganin wani a shago an ajiye shi a kan teburi, babu hannun kowa, yana nuna jinin teburin lafiya lau. Ka yi tunanin dattijo mai hawan jini ya duba irin wannan ya ga lamba mai kyau ya ajiye maganinsa. Araha ba ta ado, wani lokacin ma kashewa take yi. Jinin Baba da abin awo mai ɗaurewa a damtse ake duba shi, a kemis ko a asibiti. Aikin agogo shi ne minti nawa, nisa nawa.

Haka batun taku 10,000 da kowane agogo ke zuwa da shi. Ba daga asibiti lambar ta fito ba. Wani kamfanin Japan ne, Yamasa, ya fitar da na'urar ƙirga taku a 1965 ya sa mata suna Manpo-kei, ma'ana ma'aunin taku dubu goma, sunan ya bi duniya. Tafiya da yawa na da amfani, babu musu, amma kada lambar ta tsorata dattijo ko ta ruɗi matashi. Hau acaba a hanya mai gargada ka ga yadda agogo zai ba ka ladan takun da ba ka yi ba. Ka tuƙa keke awa guda kana haki, ya ce ba ka motsa ba. Ni mintunan motsi nake dubawa, su ne likita ya ambata.

Da na gama wannan tankaɗe da rairaya, sabo ya fi ƙarfina, sai na koma na hannu. Ba zan faɗi sunan wanda na saya ba, kada a ce kamfani ya ba ni na goro. Yana da GPS nasa, yana jin tsari fiye da ɗaya, maɓallai ne da shi, fuskarsa mai son rana ce, ba shi da zango biyu, kuma gilashinsa na da ɗan ƙarce a gefe wanda ya rage mini kuɗi sosai. Na ce wa mai shi, “Yaya, ka ba ni kwana biyu da shi, ga katin makarantata ka riƙe.” Ya yarda. Na cika shi da caji, na yi awa ɗaya da GPS a kunne, na duba kashi nawa ya sauka, domin tsohon batir a nan yake tona kansa. Na zagaya filin ƙwallo na ga ko zanen ya rufe inda ya fara. Na bi hanya ɗaya sau biyu na gwada lambobin. Na danna kowane maɓalli, na duba ƙarafan caji ko sun yi tsatsa. Na sa ya cire agogon daga asusunsa a gabana, muka goge komai. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma mai kaya mai kyau ba ya tsoron gwaji.

Saura magana ɗaya, wadda ta fi duk na baya nauyi. Agogon nan yana rubuta inda ka kwana, ƙarfe nawa ka fito, ta wace ƙofa, da inda kake tsayawa shan ruwa. Manhajoji irin su Strava an gina su ne don a nuna wa duniya wannan. A watan Janairun 2018 wani ɗalibi ɗan Ostireliya, Nathan Ruser, ya lura cewa taswirar da Strava ta wallafa ta hanyoyin masu motsa jiki tana nuna sansanonin soja a Siriya da Afganistan, saboda sojoji na gudu da agogunansu a ɗaure. In har asirin sansanin soja ya tonu ta wannan hanya, ina ga ɗalibi mai keke? Mu a makarantar nan ba sai an yi mana dogon bayani ba. Waɗanda suka riga mu sun ga daren watan Yunin 2021, lokacin da 'yan bindiga suka shigo suka kashe ɗalibi suka tafi da ɗalibai da malamai. Allah Ya jiƙan wanda ya rasu, Ya kiyaye gaba. Duk da haka ina ganin 'yan'uwa suna ɗora hoton taswirarsu a sitatus, ga ƙofar gida, ga lokaci, ga hanyar da babu kowa da asuba, kullum iri ɗaya. Don Allah a daina. A rufe asusu ya zama sai wanda ka yarda da shi. A kunna zaɓin ɓoye farko da ƙarshen hanya. In dole sai an yi alfahari, a nuna lambar nisa a yanke taswirar. 'Yan'uwa mata masu zagayen safe, wannan ya fi shafar ku. Tafiyar Baba kuwa ba ta taɓa hawa intanet ba, kuma ba za ta hau ba.

To me agogon ya ƙara mana? Baba yanzu in ya idar da asuba sai ya miƙe ta wajen Babban Dodo, ya bi ta gaban masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tun shekarun 1830, ya kewayo gida. Ranar farko da ya dawo ya miƙo mini hannu ya ce, “Kai, duba mini, abin naka ya ce na cika?” Minti 19 ne. Bai ce komai ba. Washegari ya ƙara lungu biyu. Yanzu shi ke tashina in na makara, wai zan ɓata masa lissafi. Da yake mu biyu ke amfani da agogo ɗaya, duk ƙiyasin da yake yi na ƙarfin jiki da kuzarin da aka ƙona a cakuɗe yake, zuciyar ɗan shekara ashirin da 'yan kai da ta dattijo a kwano ɗaya, don haka ba ma kallon wannan shafin. Maganinsa yana nan yana sha, awo yana nan ana yi.

Ni kuma na gano cewa hanyar da ta fi gajarta ba kullum ce ta fi sauri ba: ratsa cikin kasuwa da safe ya fi bin bayan ganuwa cin lokaci, duk da ya fi kusa. Na gano iskar taya na canza mintuna fiye da yadda nake zato, har mai facin unguwarmu ya san ranakun zuwana. Na kuma fara kallon garin da wani ido. Ana cewa ganuwar Zazzau ta kai tsawon kilomita 14 zuwa 16, da ƙofofinta: Doka, Kibo, Jatau, Kuyambana, Gayan, Kona, Bai da Galadima. Mutanen da suka ɗebo ƙasar nan a ka suka gina ta ba su da tauraro ko ɗaya a sama. Yau wurare da dama ta zaizaye, wasu wuraren an ci ta da gini, kuma da yawa daga cikinmu da aka haifa a cikinta ba mu taɓa zagaya ta ba.

In ba ka da kuɗin agogo, kada ka ci bashi. Wayar da ke aljihunka tana da GPS, ka kunna manhaja kyauta ka jefa ta can cikin jaka, za ta auna maka hanya. In ma babu, agogon masallaci ya isa ya gaya maka minti 30 sun cika. Amma ina da shawara ga ƙungiyarmu ta ɗalibai, musamman daraktan wasanni: a ware Asabar ɗaya a wata, masu keke da masu ƙafa, a haɗu da safe a Ƙofar Doka a bi ƙofofin nan takwas ɗaya bayan ɗaya, cikin ayari, da sanin masu unguwanni. Agogo ɗaya ya ishe mu duka awo, kuma na yi alkawarin kawo namu, in dai an bari Baba ya dawo daga zagayensa tukuna.